Ƙoƙon Bayan Kunkuru da Tsawon Ransa

A shekarar 2022 aka yi bikin cikar wani ƙaton kunkuru mai suna Jonathan shekara 190 a tsibirin Saint Helena da ke kudancin tekun Atlantika. An kai shi can ne daga tsibiran Seychelles a 1882, a lokacin ya riga ya gama girma, shi ya sa aka ƙiyasta cewa an ƙyanƙyashe shi wajen 1832. Yanar ido ta hana shi gani, ya kuma daina jin ƙamshi, amma kunnensa garau yake, kuma idan mai kula da shi ya miƙa masa abinci da hannu, sai ya miƙo dogon wuyansa ya gatsa da ƙarfi.

Da an tambayi mutane dalilin wannan tsawon rai, amsar da aka fi ji ita ce sannu sannu kwana nesa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin jikin kunkuru ba ya ƙona abinci don ɗumama kansa, da zafin rana yake dogara, har ma manyan kunkuru na tsibiran Galapagos kan yi kusan shekara guda ba ci ba sha. Sai dai wannan bayani bai gamsar da ni ba, tunda ƙadangare ma haka jikinsa yake, amma da yawansu shekaru kaɗan suke yi su mutu.

A ganina, asalin lamarin yana ga ƙoƙon da yake ɗauke da shi. Wannan ƙoƙo haƙarƙarinsa ne da ƙashin bayansa suka faɗaɗa suka manne, don haka ba zai taɓa fita daga cikinsa ba. Dabbar da maƙiya ke cinyewa tun tana ƙarama, irin su ɓera, ba ta da wata riba a jikin da zai jure shekara ɗari, ribarta tana ga saurin balaga da yawan haihuwa. Shi kuwa kunkuru, da zarar ƙoƙonsa ya yi ƙwari, da wuya a sami mai iya fasa shi, saboda haka wanda jikinsa ya fi iya gyara kansa shi ne zai daɗe yana hayayyafa, ya kuma gadar wa zuriyarsa wannan ƙarko. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2022, a kan nau'o'i 77 na dabbobi masu jan ciki da dangin kwaɗi, ya gano cewa masu irin wannan kariya sun fi jinkirin tsufa.

An ga alamar haka a cikin ƙwayoyin halitta ma. Bayan mutuwar Lonesome George a 2012, wanda shi ne na ƙarshe a nau'in kunkurun tsibirin Pinta, masana sun bincika ƙwayoyin gadonsa, suka tarar da sauye-sauye masu alaƙa da gyaran DNA (sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado), da ƙarfin garkuwar jiki, da daƙile ciwon daji.

Amma fa wannan gata na manya ne kawai. 'Ya'yan kunkurun teku suna fitowa daga yashi da ƙoƙo mai taushi, tsuntsaye da ƙaguwa na tsintar su tun kafin su isa ruwa, kuma ana ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin dubu ne ke kai wa girma. Wadda ta tsira ɗin ma takan shafe shekara ashirin ko fiye kafin ta fara saka ƙwai, shi ya sa idan aka kashe uwa guda ake daɗewa ba a sami madadinta ba.