Man keke da zanin gadon amarya

Ban san man ya zube ba sai da na sauka. Ina miƙa wa mai A Daidaita Sahu kuɗinsa na ga gindin jakata ya yi duhu, na kai hannu na ji santsi. Nan bakin titi na zuge zif, gabana na dukan uku-uku. 'Yar robar man keke ce ta kwanta, murfinta ya kwance, ta tsiyaye a kan farin yadin da uwar amarya ta ba ni in yi zanin gado da rigunan filo. Yadi 8 ne a ninke, man kuwa ya ratsa ninkin ɗaya bayan ɗaya har ƙasa, yadda in ka warware sai ka ga tabon ya jeru kamar da gangan aka buga shi. Saura kwana 9 a yi jere.

Na barbaɗa hoda, na goga alli, na wanke da sabulun wanke-wanke. Tabon ya dushe, amma farin yadi ba ya rufa wa kowa asiri. Washegari na shiga Kantin Kwari na yanko wani da kuɗina. Da na faɗa wa matar, cewa ta yi, "Haba 'yar nan, da kin bari, ai tsautsayi ne." Na ce, "A'a Hajiya, wannan kam gangancina ne." Ribar aikin da ta wani aikin duk suka tafi a ranar.

Ɗinkin kayan gado nake yi, da bargon haɗe-haɗe, wanda ake yanka ragowar atamfa ƙanana-ƙanana a harhaɗa, a sa faiba a tsakiya, a sa shafi a baya, a bi da ɗinki. Sau biyu a mako kuma ina koyar da mata a wata cibiya da ke nesa da unguwarmu, ga zuwa gidajen mutane awon gado da labule. Wato rabin sana'ata a hanya take. Shekaru na yi ina neman jaka guda wadda za ta cinye komai, kuma a lokacin da abin nan ya faru ina ganin na samu: Gana-mas-go, matsakaiciya, mai ratsin ja da fari.

Ba zan zage ta ba. Ba ta da nauyi, ga araha, yayyafi ba ya saurin ratsa ta. Amma tun daga sunanta an faɗa maka aikinta. A 1983 ta samo shi, lokacin da gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takardu wa'adi su bar Najeriya, 'yan Gana da yawa suka ɗura kayansu a irinta suka kama hanya. Jakar ƙaura ce: a cika ta sau ɗaya, a ɗauka, a juye a can. Ba jakar da za a buɗe sau 20 a wuni ba ce. Ba ta da ƙashi, ba ta da aljihu, duk abin da ya fi nauyi sai ya gangara ƙasa, mai kaifi kuma ya nemi hanyar fita. Almakashina ya taɓa leƙowa ta gefe ya karce ƙafar wata mata a cikin mota, na yi ta ba da haƙuri.

Dattijon da ya koya mini ɗinki, Allah ya jiƙansa, yana da wata magana da nake ɗauka raha ce kawai. Yakan ce, "Ke yarinya, kayan ɗinki kishiyoyi ne, kowacce ki ba ta ɗakinta in kina son zaman lafiya." Tsohuwar Singer gare shi. Allurai da kwarkwaro, wanda yaran yanzu ke ce wa bobin, suna aljihun teburin keke. Almakashi a rataye a ƙusa. Yadin mutane a kan kanta, can sama. Man keke kuwa a tsaye cikin gwangwanin kifi a ƙarƙashin tebur, bai taɓa hawa sama ba. A shago ba ka ma lura da tsarin, domin shagon ne ya raba musu ɗakuna. Ni da na kwashe su na zuba a jaka ɗaya, bangon gidan na rushe na ce su zauna lafiya. Mai ba ya zama da yadi. Ƙarfe ba ya zama da laima. Almakashi da reza ba sa zama da kowa. Zare kuwa in ka sake shi, da kowa sai ya yi rigima.

Bayan ɓarnar nan sai na yi abin da wanda ya ƙone yake yi, na wuce gona da iri. Na sayi akwatin roba mai hawa-hawa, irin na makanikai, wanda in ka buɗe yake bajewa kamar matakala. Kowane abu ya samu gurbi, har ina nuna wa ɗalibaina ina alfahari. Mako 3 na yi da shi. Ko babu komai a ciki yana da nauyi, hannunsa ɗaya ne a sama, kafin in fito daga lungunmu zuwa titi kafaɗata ta karkace. Yadi kuma ba ya shiga, dole in riƙo wata jakar a ɗaya hannun. Daga nan na koma akwati mai taya. Wanda ya ƙera shi daɓen filin jirgi ya gani, bai ga lungun Kano ba. Ga yashi, ga kwata, ga tsakuwa. Damina ɗaya ta cinye tayoyin. Tun da aka hana acaba ɗaukar fasinja a Kano a 2013, A Daidaita Sahu ce motarmu, mutum 3 a kujerar baya, kuma duk abin da ba zai zauna a cinyarki ba sai kin biya masa kujera, ko a ɗora shi a baya inda idonki ba ya kai. A nan na gane ba kayan kaɗai ake aunawa ba kafin a sayi mazubi. Sai an auna hanya: tafiyar ƙafa nawa ce, me za a hau, wa zai ɗauka.

Gwangwanin biskit kuwa kowa ya san shi. Babu yaron da bai taɓa buɗe shi da murna ya tarar da zare da maɓallai ba. A gida yana da amfani, ɓera da kyankyaso ba su da ta cewa a kansa. Amma a hanya ƙara yake kamar an saki akuya da gwangwani a wuya, murfinsa in ya lotsa sau ɗaya ya daina kamawa, kuma ba ka ganin abin da ke ciki sai ka juye. Babban laifinsa damina. Wata shekara cikin Agusta na buɗe nawa na tarar da fil da allurai sun yi ja, har zaren da ke kusa da su ya ɗauki tsatsa. Fil mai tsatsa in ya kwana a farin yadi sai ya bar ɗigo biyu da ba sa fita. Yanzu a battar roba mai murfin murɗawa nake zuba su, in jefa 'yar ƙunshin nan mai tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi. Na bar wa gwangwanin maɓallai, su ba ruwansu.

Allurar keke ma sai da ta ba ni kunya kafin na ba ta ɗakinta. Kekunan cibiyarmu Butterfly ne na ƙafa, nawa na gida kuwa babba ne na lantarki, irin na masana'anta. Allurar na ƙafa bayanta a shafe yake ta gefe ɗaya, ta babban keke kuwa a mulmule take, haka bobin ɗinsu ma ba ɗaya ba ne. Wata rana na kwaso na gida na tafi da su aji, mata 12 suna jirana, keke biyu allurarsu ta karye, ni kuma babu ko ɗaya a jakata da za ta yi. Aka yi zaman hira aka tashi. Tun ranar batta biyu gare ni, ja ta cibiya, shuɗiya ta gida, kuma ba na fitar da allura daga takardarta sai zan ɗaura. Lamba 14, 16 da 18 in suka cakuɗe, lambar da ke jikinsu ba kowane ido ke karanta ta ba, balle nawa da ya fara neman tabarau.

Inda na fi shan wahala, kuma inda na fi jin daɗin dabarar da na samu, shi ne yankakkun ƙyallayen bargo. Ka ɗauki gado mai ƙafa 6 kowane gefe, inci 72 ke nan. In na yanka ƙyalle inci 5, ɗinki ya ci kwatan inci ta kowane gefe, saura inci 4 da rabi. Layi 16 ke nan, kowane layi ƙyalle 16, jimla 256, kafin ma a zo ga abin da zai zubo gefen gado. Kafin in ɗinka sai na shimfiɗa su a tabarma na jera, in ɗauke wannan koren in mayar can, in raba jajaye biyu da suka haɗu, in hau kujera in duba daga sama. Yamma guda take ci. A da, in zan tafi da su aji sai in tattara in zuba a leda. Kafin in isa sun hautsine, bakinsu ya fara zarewa, wasu sun yamutse sai an sake guga, aikin jiya duk ya zama na banza. Kuma ƙyallen da bakinsa ya zare ya rage faɗi. Kaɗan-kaɗan ɗin nan in ya taru a layi 16, kusurwoyi ba za su haɗu ba, bargon ya fito a karkace kamar bakin mai tsaki.

Yanzu layi-layi nake kwashewa, daga hagu zuwa dama, na farko a sama. Kowane tari in soka masa 'yar takarda mai lamba, in sa kwali da na yanka daidai girmansa a ƙasa da sama, in ɗaure da tsumma, ba da roba ba, don roba tana cin gefe kuma zafi yana narkar da ita ta manne. Tari 16 ɗin su shiga robar abinci mai faɗi, mai haske, wadda murfinta ke kamawa ta gefe huɗu. Ba ta kai kuɗin yadi biyu ba, amma ta fi mini akwatin makanikan nan sau goma. In na buɗe a aji na ce, "Maman biyu, ɗauki layi na 7," ta san inda za ta fara.

Akwai kuma abin da na daina fita da shi kwata-kwata. Wata ƙawata ta kawo mini tsarabar wuƙa mai taya, irin wadda kamfanin Olfa na Japan ya fara fitarwa a 1979, da faifan roba da ake yanka a kansa. Faifan nan ba ya son zafi, ba ya son naɗi. Na jingina shi a bayan A Daidaita Sahu da tsakar rana cikin bazara, ya kumbura a tsakiya, bai sake kwanciya daidai ba har yau. Wanda na saya daga baya yana ƙarƙashin katifa, a gida nake yanka, in fita da yankakke. Man keke ma haka: na sayi roba ta biyu na ajiye a cibiya. Alli, tef ɗin awo, ƙaramin almakashin yanke zare, duk abin da bai kai ya kawo ba, gara in mallaki biyu da in yi ta jigila.

Gana-mas-go ɗin ban jefar ba, ta samu aikin da ya dace da ita. Faiba da soso ba su da nauyi sai cika wuri, ba su da kaifi, ba sa zuba. Ita ke ɗaukar su, da bargon da aka gama. Sai dai ba na rufe yadi a cikinta ya daɗe da damina, don ba ta numfashi, fumfuna kan kama. Da hunturu kuma ita ce gwana, ƙura ba ta shiga, saɓanin kwandon kaba da nake sha'awa wanda kwana biyu ya isa farin zare ya koma ruwan ƙasa.

Jakar da nake riƙewa yanzu ni na ɗinka ta, da yadin kaki mai kauri, na sa falanki siriri a gindi don ta tsaya da kanta. Sai da na jera kayan a tebur na auna kowanne kafin na yanka aljihunsa. Faɗinta daidai cinyata. Babban almakashi yana cikin kube da wani baduku a Kasuwar Kurmi ya yi mini. A murfin battar fil na manna maganaɗisun tsohuwar sifika, tun ranar da na tsinci fil a tabarmar wani gida, taku ɗaya daga yaro mai rarrafe.

Kwanan baya wata sabuwar ɗaliba ta zo da 'yar Gana-mas-go ɗinta. Na ce ta ba ni in gani. Ina sa hannu na ci karo da robar mai a kwance a kan atamfar yayarta.

"Malama, ai na ɗaure murfin sosai."

Ban ce mata komai ba. Na jawo tawa jakar na buɗe, na juya mata cikinta. Shafin fari ne, da tabo 4 a jere, launin shayi. Ta duba, ta dube ni, ta ɗauki robar man ta kai taga ta tsayar.