Minti huɗun da ban naɗa ba

Ina shekara ta biyu a koyon aikin sauti a jihar Tennessee ta Amurka ogana ya zaunar da ni gaban na'ura, aikin kwana uku. Tsofaffi biyar ne za su yi faifai tare, uku 'yan bulugiras (wani salon kiɗan tsirkiya na ƙauyukan Amurka), biyu masu waƙoƙin gargajiyar tsaunukan Apalaciya. Ƙaraminsu ya haura saba'in. Kowa ya yi suna a fagensa, amma ba su taɓa naɗar abu a ɗaki ɗaya ba.

Tun ranar farko suka rushe min shiri. Ba sa son lasifikar kunne, ba sa son a raba su ɗaki-ɗaki. Makirufo ɗaya a tsakiya, wanda lokacinsa ya zo ya matso, ya gama ya ja baya, kamar yadda ake yi tun zamanin Bill Monroe, uban kiɗan bulugiras. Wannan bai ba ni wahala ba. Har hira muka sha da mai banjo, don fatar da aka ɗaure mata ta tuna min da gurmi, kuma ya fi ni sanin cewa bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma ne tushenta.

Ɓarnar a rana ta biyu na yi ta, bayan abincin rana. Sun gama waƙa, na danna tsayawa don in raɗa wa fayil suna, yadda aka koya mana. Mai goge yana ɗaure tsirkiya, sai tsohuwar cikinsu ta fara rera wata waƙa da ta koya wurin kakarta, ƙasa-ƙasa, ido rufe, tafin hannunta a kan gwiwa. Mai mandolin, wato ƙaramar garayarsu, ya ɗora siririyar murya a saman tata. Mai banjo ya ajiye ƙarafan yatsunsa a kan kujera, yana taɓa tsirkiya da fatar yatsa kawai don kada ya danne ta. Ni kuwa ina bayan gilashi na saki baki, hannuna na kan linzamin kwamfuta, jan maɓallin naɗa yana gabana, ban taɓa shi ba. Minti huɗu.

Ta buɗe ido ta dube ni.

"Ɗana, ka kama wannan?"

"A'a, Mama. Na riga na kashe."

Ba wanda ya yi min faɗa, kuma wannan ya fi ci min rai. Washegari sau bakwai suka maimaita. Ba kuskure ko ɗaya a ciki, amma yanzu ta san ana naɗa, tana lissafin numfashi, shi ma mai mandolin yana jiran wurin shigarsa. Ta biyar aka ɗauka.

Abin da ke ƙona ni, na san labarin Will the Circle Be Unbroken, faifan da ƙungiyar mawaƙa ta Nitty Gritty Dirt Band suka naɗa a Nashville a 1971 ya fito a 1972, wanda ya haɗa su da dattawan wannan kiɗa irin su Maybelle Carter da Earl Scruggs da Roy Acuff da Doc Watson. Na'ura aka bari tana juyawa tsakanin waƙoƙi, shi ya sa har yau ake jin Doc Watson yana gaisawa da Merle Travis, mutumin da Doc ya sa wa ɗansa sunansa. Na saurari wurin nan ba adadi, ranar da ya kamata ya yi min amfani sai na manta.

Duk wanda aka ba amanar naɗar dattawa irin waɗannan, ya nemi izininsu tun a bakin ƙofa, ya kunna kafin su buɗe akwatunan kayan kiɗa, kada ya kashe sai motarsu ta tashi. Wurin ajiya a kwamfuta araha ne. Sunan fayil ya jira dare. Ni yanzu har ƙaramar rakoda nake ajiyewa a lungu, da batirinta daban, ko da babbar ta yi gardama. Ba sa yin abu ɗaya sau biyu iri ɗaya, muryarsu kuma ba kullum take amsa kira ba.

Faifan ya fito da waƙoƙi 12, mutane suna yaba ta tara, waƙar tsohuwar nan. Ni in an zo kanta tsallakewa nake yi.