Ranar da asirin yatsana ya tonu

Duk taron da na ga yara sun fara hamma, dabarata ɗaya ce: in "cire" babban yatsana.

Abin ba wuya. Ina lanƙwasa babban yatsan hagu, in lanƙwasa na dama, in haɗa gaɓoɓinsu su zama kamar yatsa guda, sannan in rufe mahaɗar da manuniya. Da na ja hannun dama gefe, sai ka rantse yatsan ya rabe biyu. In ɓata fuska, in ɗan yi ƙara.

Sharaɗin dai kowa ya tsaya ta gabanka. Rannan 'yar ƙanwata ta lallaɓo ta bayana, ta ƙwalla ihu: "Kawu, ai lanƙwasawa ka yi!" Har aka watse suna yi mini dariya.