Tikiti biyu, hazo ɗaya: daga Sakkwato zuwa Maiduguri

Har yau in na tuna sai in ji haushin kaina. Ɗaurin auren ƙanena ne a Maiduguri, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ni kuma aiki ya riƙe ni a Sakkwato. Na duba a waya, na ga tsakanin filin jirgin Sultan Abubakar III da na Maiduguri wajen kilomita 870 ne in an ja layi miƙe. Tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci ke nan. Sai na saki jiki.

To, wa zai ɗauke ka miƙe? Ban sami jirgin da ke haɗa garuruwan biyu kai tsaye ba. Sai ka gangara Abuja tukuna, kusan kilomita 490, sannan ka sake hawa arewa maso gabas, 700 da ɗoriya. Wannan bai dame ni ba, zaman cikin jirgi duka bai kai awa uku ba.

Inda na yi wauta shi ne tikitin. Don in rage 'yan kuɗi, na yanki biyu daga kamfani biyu daban, na bar tazarar awa biyu kacal a Abuja. A watan Janairu fa! Ni da aka haifa a Arewa, na san hazo kamar yunwar cikina.

Ranar Alhamis muka wayi gari ko bishiyoyin bakin filin ba a gani sosai. Jirgin da zai kwashe mu, daga Abuja yake tasowa, kuma matuƙi ba ya sauka in bai hango titi ba. Muka zauna, ƙura na shiga maƙogwaro, ana ta ba mu haƙuri a lasifika. Sai bayan la'asar muka tashi. Ko da muka sauka, na tsaya jiran jakata, don kamfani na biyu bai san da zamanta ba. Na isa kantarsu da gudu, ma'aikaciyar ta dubi takardata ta ce, "Alhaji, ai jirginku ya daɗe da tashi." Babu ruwansu da jinkirin wani kamfani, kuma gaskiyarsu ce. Da tikiti ɗaya ne, da ina da bakin magana.

Kuɗin otal, kuɗin tasi, kuɗin sabon tikiti, abin da na yi tattali ya tafi har da riɓi. Washegari kuma hazon ya koma Maiduguri.

Yanzu in tafiya ta kama daga Disamba zuwa Fabrairu, kwana biyu nake ba ta, jakar hannu kawai, kamfani ɗaya.

Ranar Juma'ar, na shiga gida a Maiduguri ana kiran magariba. Kawu na zaune a zaure, ya miƙo mini goro da alawa a leda ya ce, "Ɗana, ga rabonka. Da mota ka biyo ta Kano ai da tun jiya kana nan."