Hayaƙin da na so in kora daga ruka

A shekarata ta uku ina karatun zanen gine-gine, malamarmu ta raba mana aikin nazarin gidajen gargajiya, ni kuwa rabona ya faɗa kan ruka, ɗakin mutanen Mapuche, 'yan asalin kudancin Chile da Ajantina. Ina ganin hotunan na yanke hukunci: ɗaki ɗaya tal na itace da jinkar ciyawa, ba taga, daɓen ƙasa, murhu a tsakiya, rufi baƙi ƙirin. Sai na zauna wai zan gyara. Na huda tagogi, na tura murhun lungu, na yi wa hayaƙi bututu, na juya ƙofa ta kalli hanya.

Malama ta daɗe tana kallon zanen, sannan ta ce, "Kai, ai ka kashe musu ɗaki."

Ashe hayaƙin nan shi ke riƙe da rufin. Kunkunniya da maiƙon girki su ke liƙewa a ciyawar, su toshe kafar ruwa, su kori ƙwari, a yankinsu na Araucanía a Chile mai yawan ruwan sama. A cikin hayaƙin ake rataye masara da barkono su bushe, kuma daga barkonon da ya sha hayaƙi ake daka yajinsu, merkén. Murhun kuwa, kütralwe, nan ake zama da safe kowa ya faɗi mafarkinsa, da dare tsofaffi su yi tatsuniya da harshensu, Mapudungun. Da na kai shi lungu, har hirar na kai. Ita ma ƙofar gabas take kallo, mafitar rana, kuma wannan ba ruwansa da inda hanya ta bi. Ginin ma gayya ce, mai ɗaki ya ciyar da maƙwabta.

Bayan sojojin Chile sun gama mamaye ƙasar Mapuche a 1883, an matse su a 'yan filaye, yau da yawansu suna birni ko cikin gidajen katako masu rufin kwano. Duk da haka, gidaje 25 da aka gina wa iyalan Mapuche a Huechuraba, gefen Santiago, a 2011, gabas aka fuskantar da su.

Na sake zanen daga farko. Bututun ne ya fi ba ni wahalar gogewa, don na danna fensir sosai lokacin da nake zana shi.