Wasiƙa daga Jamus: kafin ka sayi salansa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna lafiya, aiki da godiya. Gaisuwar ta tsaya nan, don yatsuna ba su gama dawowa hayyacinsu daga sanyin safiyar yau ba.

Tun ranar da na sa hoton babur ɗina saƙonni ba su daina shigowa ba, kuma tambayar kusan ɗaya ce: "Yaya, na samu babban babur na hannu, da shi zan riƙa zuwa aiki, in yi doguwar tafiya idan an samu hutu, ɗan kuɗin da ya rage min me zan fara canjawa da shi?" Kafin in buɗe baki kuma sai wani saƙon ya biyo baya: "Wace salansa ce ta fi ƙara?" Na gaji da amsa wa mutum ɗaiɗai, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Zan taɓa taya, birki, wurin zama, jakar kaya da fitila. Amma da salansar zan fara, tunda ita ta hana ku barci, ni ma ta taɓa hana ni.

Babur ɗin nawa na Japan ne, cc 650, silinda biyu, irin mai gajeren kai wanda sai ka duƙa kamar mai neman allura a ƙasa. A makon farko na yi odar salansa mai araha ta intanet, na ɗaura ta ranar Asabar a bakin gareji, na murɗa totur sau biyu, na ji ni ma na zama wani. Maƙwabcina, wani dattijo da ya yi shekaru yana hawa babur, ya fito ya tsugunna, ya leƙa ƙarƙashinta, ya shafa ta da yatsa, sannan ya ɗago ya ce, "Ina takardarta?" Na yi dariya, na ɗauka zolaya ce irin ta tsofaffi. Shi kuwa ko murmushi bai yi ba.

A ƙasar nan ƙarfe ma yana da takarda. Duk abin da za ka ɗaura wa babur wanda ya shafi ƙara, hayaƙi ko lafiyar tuƙi, dole ya zo da shaidar amincewa. Ko dai a buga masa tambarin Turai a jikinsa, wato harafin E da lamba, ko ya zo da wata takarda da suke kira ABE, wadda hukumar motoci ta tarayya da ke Flensburg ke bayarwa. Kuma ba a cewa "ai yana da takarda" a wuce. Sai an ga sunan samfurin babur ɗinka a cikinta. Takardar na iya zama ta gaske, amma idan babur ɗin ƙaninka ne a ciki ba naka ba, ka yi aikin banza. Gilashin tare iska yana da tasa. Hannun birki da na kuloci suna da tasu. Tiyon birki yana da tasa. Yanzu a ƙarƙashin sit ɗina akwai wata leda da ta fi jakar sifanoni kauri, takardu ne zalla, domin doka ta ce a riƙa yawo da su. Akwai ranar da ruwa ya shiga ledar, na kwana ina shanya takardu a kan na'urar ɗumama ɗaki kamar mai shanya kayan jariri.

Duk shekara biyu ake kai babur duba lafiya, nawa kuma lokacinsa ya zo wata biyu bayan na ɗaura salansar. Mai dubawar bai ɗaga murya ba. Ya haska tocila, ya nemi tambari bai gani ba, ya rubuta 'yan kalmomi, ya miƙo min takarda ya ce ina da wata ɗaya in gyara in dawo. A nan ne aka fahimtar da ni cewa irin wannan canji yana iya soke izinin babur ɗin na hawa titi gaba ɗaya, kuma idan aka yi hatsari, sai ka yi dogon bayani da kamfanin inshora. Allah ya taimake ni ban jefar da tsohuwar ba. Na mayar da ita cikin sanyi, wani noti ya cije, na fasa bayan hannu, na sake biyan kuɗin dubawa. Jiki magayi.

Abin haushin ma, ƙarfin da irin wannan salansa ke ƙara wa inji bai taka kara ya karya ba. Tana rage ɗan nauyi, shi ke nan. Kunne ne ke yaudarar mutum ya ji kamar gudu ya ƙaru. A doguwar tafiya kuwa ƙarar nan azaba ce: bayan awa uku kanka na sarawa kamar an buga maka ganga a ciki. Akwai ma hanyoyin da za a hana ka bi. A yankin Tirol na ƙasar Ostiriya, tun shekarar 2020 aka hana baburan da ƙararsu a tsaye ta wuce desibel 95 bin wasu hanyoyin tsaunuka a lokacin hawa babur, kuma adadin yana rubuce a takardar babur ɗinka, a gurbin U.1, ba sai an yi musu ba. Na san a gida babu mai haska maka tocila yana neman harafin E. Amma kuɗin da za ka zuba a salansa, a nan da can, kuɗin taya ne ka ƙona.

Taya ita ce abin da ya kamata in fara saya tun ranar farko. Duk nauyinka da na babur, da birkinka, da kwanar da kake sha, a kan wuri biyu suke tsaye, kowanne bai fi tafin hannu ba. Tayoyin da na tarar a jikin babur ɗin zanensu bai cinye ba, sai na ɗauka lafiya lau suke. Dattijon nan ne ya nuna min lambobi huɗu a gefen taya, bayan haruffan DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Nawa sun nuna shekara takwas. Roba ta bushe ta yi tauri kamar takalmin da aka manta a rana. Doka a nan ta ce zurfin zanen kada ya gaza milimita 1.6, amma doka ba ta auna tsufa, kai za ka duba da kanka.

Ga wanda ke zuwa aiki kullum yana kuma tafiya mai nisa, tayar tsere ba taka ba ce. Ita sai ta yi zafi take kama titi, kuma tsakiyarta na cinyewa da wuri a miƙaƙƙiyar hanya, ta koma kamar kusurwa, babur ya riƙa faɗawa kwana maimakon ya kwanta a hankali. Nemi irin wadda aka yi don gudu da nisa a haɗe, kamar Michelin Road, Metzeler Roadtec ko Bridgestone T32. Yawancinsu tsakiyar na da tauri, gefen na da laushi. Dabarar mai ƙaramin aljihu ita ce sayen samfurin da ya gabata idan sabo ya fito: farashinsa na faɗuwa alhali tayar ba ta san an yi mata ƙanwa ba. Ka sayi ma'aunin iska na aljihu, ka riƙa aunawa da safe kafin taya ta yi zafi. Wannan ɗan ƙarfen ya fi rabin kayan kwalliyar da ake tallatawa amfani.

Birki ba ya son dogon bayani. Man birki yana shan danshi daga iska, idan ya tsufa sai ya tafasa a gangara mai tsawo, ka matsa hannu ka ji shi taushi kamar soso. A canja shi duk shekara biyu, da irin wanda aka rubuta a murfin, galibi DOT 4. Sai takalmin birki mai kyau. Tiyo mai saƙar ƙarfe yana da amfani ga tsohon babur da robarsa ta gaji, amma shi ne na uku ba na farko ba. Idan kuwa ba ka riga ka sayi babur ɗin ba, nemi mai ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa idan ka danne birki da ƙarfi. A Tarayyar Turai tun 2017 duk sabon babur da ya wuce cc 125 sai da shi, kuma ba abu ne da za ka ɗaura daga baya da ɗan canji ba.

Yanzu sanyi. Ku yi haƙuri, sai na amayar da wannan. Kafin in zo na ɗauka na san sanyi. Idan ma'auni ya nuna digiri 5, kana gudun kilomita 100 a awa, abin da fatarka ke ji ya kai kusan digiri 3 ƙasa da sifili. Minti ashirin ya isa yatsu su daina jin magana. Wata safiya a watan Oktoba na isa wurin aiki, na tsaya, na kasa zare makulli. Ina kallon hannuna ina ba shi umarni, shi kuma ya yi kamar na wani ne. Sai da na rungumi gefen inji kamar wanda ya daɗe bai ga ɗan uwansa ba. Abin da ya tsorata ni daga baya shi ne tunanin cewa da wannan hannun nake shirin kama birki idan mota ta yanko gabana.

A makon na sayi robar hannu mai ɗumi, wadda ke jan wuta daga batir. Ban taɓa kashe kuɗin da kwalliya ta biya kuɗin sabulu kamar wannan ba. Amma a haɗa wayar ta inda wuta za ta ɗauke idan an kashe makulli, a sa mata fiyus. Ni kai tsaye na jona ta da batir, na manta ta a kunne, da yamma na tura babur mai nauyin kusan kilo 200 a filin ajiye motoci mutane na kallo. Sai wani siririn gilashi da ake maƙalawa a cikin gilashin hular kwano, sunansa Pinlock, mai hana numfashinka ya zama hazo a gabanka. Da yawa daga mutanen nan ma ba sa wahalar da kansu: akwai lambar babur ta wasu watanni kawai, a gefenta an rubuta misali 03 a sama, 10 a ƙasa, ma'ana daga Maris zuwa Oktoba kawai babur ɗin zai hau titi, sauran watannin yana kulle. Dalilinsu ba sanyi kaɗai ba ne, gishirin da ake zuba wa titi saboda ƙanƙara yana cin ƙarfe kamar gara.

Na san da yawanku za su ce wannan ba matsalarmu ba ce, mu zafi da ƙura ke damunmu. Gaskiya ne. Amma gajiya gajiya ce, ko sanyi ya kawo ta ko rana. Wanda gumi ya jiƙa, wuyan hannunsa ya ƙage, shi ma birkinsa na makara. Ku juya maganar: inda na sayi ɗumi, ku sayi riga mai ƙofofin iska wadda ke da kariya a kafaɗa, gwiwar hannu da baya, ku kula da matatar iska da sarƙa. Sarƙa ba ta son komai sai wanki da mai, kusan duk kilomita 500 zuwa 1,000, da kuma bayan ruwan sama. Idan ta mutu a canja ta tare da haƙoranta na gaba da na baya, in ba haka ba tsofaffin su cinye sabuwar.

Akwai gyaran da ba ya cin ko sisi, kuma shi aka fi mantawa. Shokazoba ta baya tana da zobe ko noti na matse sifirin. Ka samu abokai biyu da tef na awo, a auna babur tayar baya a sama, sannan a auna ka hau da kayanka. Ya kamata ya zauna kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawon motsin shokazobar, wato wajen milimita 30 zuwa 35 a irin baburan nan. Ni da na auna, na tarar wanda ya sayar min ya fi ni rashin nauyi nesa ba kusa ba, shekara guda ina hawa babur da aka saita wa wani. Man shokazoba ta gaba kuma, da bakanike ya juye shi, baƙi ƙirin ya fito yana wari. Bayan an zuba sabo, na bi hanyar B500 ta cikin yankin da ake kira Baƙin Daji (Schwarzwald), daga Baden-Baden zuwa Freudenstadt, sai na ji kamar an musanya min babur da dare.

Wurin zama: kada ka sayi sabo, kai tsohon wurin mai ɗinkin kujeru ya canja soson, ya ɗan faɗaɗa shi. Laushi da yawa yaudara ce, minti talatin na farko ne daɗi, daga nan ka nutse har ka taɓo roba. Gilashin tare iska mai ɗan tudu a tsakiya yana ɗauke iska daga ƙirji, sai dai ga dogon mutum wani lokaci yana jefa ta daidai kan hular kwano, kai ya riƙa kaɗawa. Idan akwai mai irinsa kusa da kai, ari ka gwada kafin ka saya. Abin toshe kunne na soso kuwa, a aljihun kowace riga tawa akwai shi, domin ƙarar iska a hular kwano ita ke gajiyar da mutum ba tare da ya sani ba.

Na yi alkawarin jakar kaya. Jakar kan tanki da wata mai hana ruwa da ake ɗaurewa a sit na baya sun ishe ni mako guda, a dai kula kada igiya ta yi lilo kusa da taya ko sarƙa. Maganar fitila kuma sai wani jiƙon, don ita ma tana da nata tarin takardu, kuma yau ba ni da ƙarfin zuciyar buɗe wannan ledar.

Masu tambaya ko zan sayar musu da salansar, tana nan a ɗakin ajiya na ƙasan bene, naɗe cikin tsohon bargo. Dattijon ya ce in ba shi ya shuka fure a ciki. Ban ba shi amsa ba tukuna.

Naku,
ɗan uwanku a Jamus