Ranar da ƙugiyar "ƙ" ta hana ni cin abincin rana

Talata, Jos. Sanyin safiyar yau ba dama, sai da na sha shayi kofi biyu a wajen mai shayin bakin layinmu kafin na tari Keke Napep zuwa shagon Kawu da ke Bauchi Road, kusa da jami'a. Tun makon jiya yake min naci in haɗa masa shafin farko na kwamfutocin shagon: akwati ɗaya na rubutu, mutum ya zaɓi Google ko Bing ko YouTube ko Wikipedia ta Hausa, ya danna, a kai shi can.

A raina aikin rabin awa ne. Fom na HTML (yaren da ake rubuta shafukan intanet da shi) ya karɓi abin da aka rubuta, ɗan fayil na PHP (yaren ba kwamfuta umarni) a kan sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, ya liƙa shi a jikin adireshin injin binciken da aka zaɓa, ya mayar wa burauza (manhajar buɗe shafukan intanet) lambar 302, wato "je can". Kowane inji da sunan da yake karɓar tambaya da shi. Google da Bing suna jiran q, YouTube yana son search_query, Wikipedia kuma search. Yahoo ma da na so in ƙara, p yake amfani da shi, amma Kawu ya ce wa ke shiga Yahoo yanzu, na bar shi.

Na gwada da kalmomin Turanci, komai lafiya lau. Har na fara hura hanci. Sai ƙanena ya buɗe shafin a wayarsa ya rubuta "waƙa", ya miƙo min yana dariya: "Yaya, injinka ya haɗiye rabin kalmar." Google "wa" kawai ya gani. Da muka sa "ƙosai" kuwa, babu abin da ya isa can.

Nan na zauna har aka kira Azahar ban gano ba. Aka ɗauke wuta, Kawu ya tayar da janareta yana ƙunƙunin tsadar mai. Bayan sallah na sa fayil ɗin ya nuna min ainihin abin da yake karɓa, sai ga waƙa. Ashe na manta ban faɗa wa shafin cewa da UTF-8, tsarin haruffan da ya ƙunshi har da ƙ, zai yi aiki ba, burauza ta koma tsohon tsarin haruffan Turawan Yamma wanda babu ƙ a cikinsa, ta aiko da lambarta, 409. Ni kuma na liƙa rubutun ɗanye a adireshi. To a adireshi alamar & na nufin an gama wannan bayanin za a shiga wani, abin da ya biyo bayan # kuwa ba ya ma barin burauza. Kuskure biyu, kuma duk nawa ne. Da na ƙara layi ɗaya na UTF-8 a saman shafi, sai urlencode a PHP, umarnin da ke mayar da rubutu yadda adireshi zai ɗauka, "waƙa" ta tafi a matsayin wa%C6%99a. Na bi ɗ da ɓ da ƴ ɗaya bayan ɗaya, duk suka wuce. Abin da ya fi ba ni haushi, ni Bahaushe ne amma ko sau ɗaya ban gwada da Hausa ba sai da yaro ya nuna min.

Da yamma Kawu ya ce tunda komai ta sabar ɗinmu yake bi, in riƙa ajiye masa abin da mutane ke nema. Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, wannan kam a'a. Wani ciwon da yake ɓoyewa zai bincika, kuma kun san wanda ya zauna a kowace kujera." Ya yi shiru, can ya ce to in ƙirga masa injin da aka fi zaɓa kawai. Wannan zan yi gobe in Allah ya kai mu. Masar da ƙanena ya sayo min tun rana sai yanzu na ci, ta yi sanyi ƙalau.